Sunan yanka da laƙabi: yadda ake zaɓa wa ɗa namiji sunan kira a ƙasar Madarumfa

A ƙasar Madarumfa, kamar a sauran ƙasar Hausa, da wuya a sami ɗa namiji mai suna guda. Akwai sunan da liman ya faɗa da safiyar ranar da aka yanka rago, shi ne sunan yanka. Akwai kuma wanda ake kiran yaro da shi cikin gida da gona da kasuwa, shi ne laƙabi. Sau da yawa na biyun yakan danne na farkon, har mutum ya yi furfura maƙwabtansa ba su taɓa jin sunansa na yanka ba, sai ranar ɗaurin aurensa da aka faɗe shi a bainar jama'a. A zamanin kakanni wannan bai dami kowa ba, domin kowa ya san kowa, kuma babu takardar da ake dubawa. Yau kuwa yaro yana bukatar takardar haihuwa kafin ya zauna jarrabawa, babba yana bukatar katin ɗan ƙasa kafin ya yi tafiya. Saboda haka zaɓen laƙabi, wanda a da aikin kakanni mata ne cikin raha, ya zama al'amarin da ya kamata maigida da liman da ma'aikacin hukuma su sa wa ido.

Madarumfa tana kudu da Maraɗi, tafiyar kimanin kilomita 20, a bakin tafkin nan da aka san shi da kaburburan waliyyai 99. A shekarar 2006 Nijar ta sa tafkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta ɗauka a matsayin gadon duniya. Gundumar ta haɗa Madarumfa da Ɗan Isa da Jiratawa da Gabi da Safo da Sarkin Yamma, ta kuma yi iyaka da Jibiya ta jihar Katsina. Mafi yawan jama'arta Katsinawa ne, tare da Gobirawa da Fulani da Buzaye, kuma kowane daga cikinsu ya zuba nasa cikin rumbun sunayen da ake ji a yankin.

Ranar suna

Idan aka haifi yaro, uba ko kaka ko malamin gidan yakan yi masa huɗuba a kunne. Ranar bakwai, bayan sallar asuba, maza sukan taru a ƙofar gida, a raba goro da dabino, uba ya raɗa wa liman sunan da ya zaɓa, a yanka rago, a yi addu'a, sa'an nan maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da jama'a. Wanzami ya yi wa jariri aski. Da rana mata su yi nasu taron cikin gida.

Wannan tsari yana da tushe cikin littattafan mazhabar Malikiyya da ake karantawa a zaurukan yankin. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta yi bayanin yanka tunkiya ko rago a rana ta bakwai, da aske gashin jariri, da yin sadaka da zinariya ko azurfa gwargwadon nauyin gashin. Sunan da ake bayarwa a wannan rana galibi na annabawa ne, ko na sahabbai, ko wanda ya fara da Abdu. Watau rumbun sunayen yanka ba shi da faɗi ƙwarai. A unguwa guda ana iya samun Muhammadu ashirin da Abubakar goma da Ibrahim goma. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa laƙabi ya zama dole: in ba shi, a kira mutum guda, biyar su amsa.

Kunya ce uwar laƙabi

Dalili na biyu ya fi na farko ƙarfi, shi ne kunya. Bahaushiya ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin sunan surukinta, ba ta kuma faɗin sunan ɗanta na fari. A littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin tsohuwar a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, an nuna yadda iyaye ke kawar da kai daga ɗan fari har su miƙa shi ga dangi su rena. Abin da aka gani a Zazzau shi ne ake gani a kwarin Gulbin Maraɗi.

To, ga inda wuyar take. Babban abin da ɗa zai yi ya girmama mahaifinsa shi ne ya mayar da sunansa ga jaririn da ya haifa. Amma daga ranar da aka yi haka, sunan ya haramta a bakin mutane da yawa cikin gidan. Uwar jariri ba za ta faɗe shi ba, domin sunan surukinta ne. Kakar jariri ba za ta faɗe shi ba, domin sunan mijinta ne. Shi kansa uban ba zai tsaya tsakar gida yana ƙwala kiran sunan mahaifinsa ba, balle ya tsawata wa mai sunan in ya yi ɓarna. Kafin nama ya dahu ranar suna, mata sun riga sun nemo mafita. Sai a ji ana cewa Baba, ko Abba, ko Babangida, ko Maisuna, ko Magaji. In sunan kawu ne ko baffa aka mayar, a ce Kawu ko Baffa. In mai sunan malami ne, yaro ya zama Malam tun yana cikin zanen goyo, in ya je Makka, yaro ya zama Alhaji.

Kaka tana da nata gurbi na musamman. Tsakaninta da jikanta akwai wasa, tana kiransa mijinta ko angonta, tana ƙorafin bai kawo kuɗin cefane ba. Daga wannan wasa ne Ango da Maigida sukan manne wa yaro har girmansa. Gwaggo da ungozoma da yayyen jariri su ma suna jefa nasu. Ba a taro a kan laƙabi, ba a yanka masa komai. Wanda ya fi daɗi a baki, ko wanda mafi faɗa a ji cikin matan gidan ta dage a kansa, shi ne yake zama.

Laƙabin da ke tafiya da suna

Akwai laƙubban da tun tuni aka ɗaura su da wasu sunaye, ta yadda mai jin laƙabin ya riga ya san sunan yanka. Wasunsu daga Larabci suka zo, tare da tarihin masu sunan na farko. Abubakar shi ne Siddiku, Umaru shi ne Faruku, Usmanu shi ne Zunnuraini, Aliyu shi ne Haidar, Ibrahim shi ne Halilu. Musa kuwa, wanda Allah ya yi magana da shi, shi ne Kallamu, a Maraɗi da Damagaram a gajarce shi a ce Kalla.

Wasu kuma a nan ƙasar Hausa aka ƙera su. Abubakar yakan zama Garba ko Habu ko Buba. Umaru yakan zama Sanda. Aliyu yakan zama Gadanga. Yusufu yakan zama Maitama, kamar Yusuf Maitama Sule na Kano. Ibrahim yakan zama Iro ko Ibro, Idrisu ya zama Idi, Adamu ya zama Ado, Abdullahi ya zama Audu ko Abdu, Sulaimanu ya zama Sule, Zakariya'u ya zama Ya'u. Usmanu yana da Mani, yana kuma da Shehu, saboda girmama Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754. Shugaban Nijeriya na 1979 zuwa 1983, Shehu Shagari, sunansa na yanka Usmanu ne, amma duniya da Shehu ta san shi.

Sunan Muhammadu ya fi kowane yawan rassa. Saboda girman mai sunan, mutane da yawa ba su son a riƙa jefa shi cikin faɗa da zagin yara, don haka a ce Mamman, ko a haɗa shi da Aminu, ko Bashir, ko Nura, ko Mustafa, a yi kira da na biyun. Magidancin da ya yi niyyar sa wa ƴaƴansa maza duka Muhammadu yakan bi lissafin Larabci: na farko Auwalu, wanda a Nijar ake cewa Lawali, sai Sani, da Salisu, da Rabi'u, da Hamisu, da Sadisu, da Sabi'u, da Saminu, da Tasi'u, har Ashiru na goma. A yau waɗannan sun tsaya da ƙafafunsu, ana samun Salisu wanda shi ne ɗan fari, da Sani wanda ba shi da wa.

Rana da lokaci da halin da aka zo a ciki

Wani rukunin laƙubba bai dubi sunan yanka ba sam, ya dubi ranar haihuwa. Na Lahadi Ɗanladi, na Litinin Tanimu, na Talata Ɗantala, na Laraba Bala ko Balarabe, na Alhamis Ɗanlami, na Juma'a Ɗanjuma, na Asabar Ɗan'asabe. Hausawa ba su kaɗai ke yin haka ba. Zabarmawa suna da Alzuma ga wanda aka haifa ranar Juma'a. A Gana, Kwame Nkrumah sunan ranar Asabar yake ɗauke da shi, Kofi Annan kuma na ranar Juma'a.

A ƙasar manoma kamar Madarumfa, shekarar noma ita ce kalandar da kowa ke karantawa. Wanda aka haifa ana shibka shi ne Shibkau, wanda aka haifa ana noma shi ne Nomau, wanda ya faɗo ana ruwa shi ne Anaruwa. Na watan azumi Ɗan'azumi, na ranar salla Sallau, na ranar kasuwa Maikasuwa. Wanda ya zo gidan yana da baƙo shi ne Baƙo. Irin wannan laƙabi ya taimaki ma'aikatan ƙidaya da malaman lakwal na da, lokacin da ba a rubuta ranar haihuwa: in an ce yaro Nomau ne, an san ɗan damina ne, saura a nemo shekarar.

Matsayin yaro cikin ɗakin uwarsa shi ma yana ba da suna. Namijin da ya biyo bayan mata shi ne Tanko. Wanda ya biyo tagwaye shi ne Gambo. Na ƙarshe shi ne Auta. Daga Fulani aka aro Dikko ga ɗan fari da Sambo ga na biyu. Mai yatsa shida Cindo, wanda aka ce ya daɗe a ciki Shekarau. Akwai kuma masu ɗauke da baƙin ciki: Audi, wanda ubansa ya rasu yana ciki, da Talle, maraya, da Korau, wanda aka saki uwarsa da cikinsa. Hankurau da Jimrau suna ba da labarin haƙurin da uwa ta yi kafin ta samu. Arzika fata ne ake yi wa yaro da gidansu.

Sunayen wabi

Babu laƙabin da ya kai na ƴan wabi nauyi. Matar da ƴaƴanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, in ta sake haihuwa, tsofaffi sukan nuna kamar ba su damu da jaririn ba. A kai shi bisa juji a ajiye, wata ta ɗauko shi, a kira shi Ajuji. Ko a ce Bawa, watau ba ɗan gidan ba ne. Ko Mantau, don a manta da shi. Ko Abarshi, roƙo ne a fili cewa a bar wannan ya rayu. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan aƙidar da ke bayan wannan al'ada, amma wanda ya dubi alƙaluman mutuwar yara zai gane tsoron da ya haife ta.

Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 1992 ya nuna cikin yara 1000 da aka haifa, 318 suna mutuwa kafin su cika shekara 5. A 2006 adadin ya sauko zuwa 198, a 2012 ya kai 127. Rigakafi, da gidan sauro, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da shirin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta wanda gwamnati ta yanke a 2006, su ne suka yi wannan aiki. Ajuji da Mantau sun fi yawa cikin dattawa bisa cikin ƴan makaranta. Uwar da ta rasa ƴaƴa biyu ko uku a jere, abin da ya fi mata amfani shi ne awon ciki da haihuwa a likita, da bincika ko akwai ciwon amosanin jini a gidan, kafin a zo ga maganar suna.

Sarakuna da ƴan kokawa

Tarihin yankin kansa da laƙubba aka riƙe shi. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a 1807, gidan sarautar ya yi hijira arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajajen 1819. Waɗanda suka biyo shi, makaɗa da marubuta tarihi sun san su da Rauda, wanda ya faɗi a yaƙin Gawakuke a 1836, da Ɗan Mari, da Binoni, da Ɗan Mahedi, da Ɗan Baura, da Ɗan Baskore. A Gobir kuma akwai Bawa Jan Gwarzo, da Mayaƙi wanda ya kafa Tsibiri. Tambayi dattijon Jiratawa ko Gabi labarin Ɗan Baskore, zai ba ka har dare ya raba. Tambaye shi sunan yankan sarkin, sai ya yi shiru.

Haka abin yake a fagen kokawa da waƙa. Gasar kokawa ta ƙasa ta farko, wadda aka yi a Tawa a 1975, ɗan Maraɗi ne ya ci ta, Yakuba Ango, amma Kantu ne sunan da ya cika ƙasa. Ɗan Maraya Jos sunansa Adamu, Narambaɗa sunansa Ibrahim, Ɗanƙwairo sunansa Musa. Hausawa sun ce suna linzami ne. Linzamin da ke jan mutum cikin jama'a kuwa, mafi yawan lokaci laƙabin ne.

Abin da malamai ke cewa

Addini bai hana laƙabi ba. Abu Huraira, wanda ya ruwaito hadisai masu yawa, da laƙabin ƴar kyanwar da yake ɗauka aka san shi. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kira Aliyu da Abu Turabi, ya kuma kira wani ƙaramin yaro, ƙanen Anas ɗan Maliku, da Abu Umairi cikin wasa. Abin da aka hana shi ne laƙabin wulaƙanci. Aya ta 11 cikin Suratul Hujurati ta hana muminai jifan juna da munanan laƙubba, kuma hadisai sun nuna Annabi yana sauya sunan da ma'anarsa ba ta da kyau.

A nan ne ya kamata iyaye su yi hattara. Laƙabin da aka ciro daga wata naƙasa, ko daga baƙin fata, ko daga gajarta, ko daga wani abin kunya da ya faru a gidan, yana ba da dariya ranar suna, amma yaron ne zai ɗauke shi zuwa makaranta, da wurin neman aure, da gaban ƴaƴansa. Korau bai kori kowa ba, Audi bai kashe ubansa ba. Wasu malamai kuma suna jan kunne game da gutsure sunayen da suka fara da Abdu, domin rabin da ake yarwa sunan Allah ne.

Inda laƙabi ke karo da takarda

Dokar rajistar jama'a ta Nijar ta sauya sau da dama: akwai ta 1985, da ta 2007, da doka mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yuli 2019. Wannan ta ƙarshe ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa, a likita ko a wurin da aka keɓe cikin ƙauye ko a ma'aikatar magajin gari. Wa'adin ya wadatar a yi suna ranar bakwai, a huta, sa'an nan a je a rubuta. Wanda ya bari kwanakin suka wuce, sai ya bi ta wurin alƙali ya sami hukuncin da zai maye gurbin takardar. Binciken 2006 ya sami kashi 32 cikin 100 na ƙananan yara ne aka yi wa rajista, na 2012 ya sami kashi 64. An ci gaba, amma da sauran tafiya, musamman a karkara.

Ga misalin yadda ɓarnar ke aukuwa. A ce an haifi yaro a wani ƙauyen Safo, an sa masa Usmanu, sunan kakansa. Uwa ta je awo, aka tambaye ta sunan jariri, kunya ta hana ta faɗin sunan surukinta, ta ce Shehu, aka rubuta a katin rigakafi. Uba ya je ma'aikatar magajin gari ya ce Usmanu, aka rubuta a takardar haihuwa, ya naɗe ta ya jefa cikin adaka. Bayan shekara 7 wan yaron ya kai shi lakwal, malami ya tambaya, ya ce Babangida, domin shi ne sunan da ya taɓa ji. Yaro guda, suna uku, takarda uku. Ba wanda zai lura sai shekarar jarrabawar BEPC, ranar da aka ce a kawo takardar haihuwa aka ga ba ta dace da rajistar makaranta ba. Daga nan sai zirga-zirga tsakanin ƙauye da Madarumfa, da neman shaidu, da kashe kuɗin mota, wani lokaci har yaro ya rasa shekara. Irin wannan saɓani yakan sake tasowa wajen fasfo na aikin hajji, da rabon gado, da takardar gona, da karɓar fansho.

Akwai kuma matsalar rubutu. A Nijar suna na biyu a takarda sunan uba ne, to in uban Garba ne a takardar ɗansa na fari, Abubakar a ta na biyu, hukuma za ta ɗauka ba uba ɗaya ba ne. Ƙa'idar Faransanci ta ƙara nata: Muhammadu guda ana rubuta shi Mahamadou, ko Mahamane, ko Mamane, ko Maman. Wanda aka rubuta Laouali a Ɗan Isa, in ya ƙetara Jibiya karatu ya zama Lawal, Ousmane ya zama Usman, Chaïbou ya zama Shu'aibu. Ga jama'ar da rabin danginsu ke wancan gefen iyaka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun zamanin Turawa ma'aikata suka samo wata dabara, su rubuta sunan yanka, su sa kalmar Faransanci dit, watau wanda ake ce wa, sa'an nan laƙabi, kamar Moussa dit Kalla. Dabarar tana da amfani in an yi ta tun a takarda ta farko. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, amma takardun da ke hannun jama'a da ƙa'idar Faransanci aka rubuta su, kuma harafin da ke cikinsu shi ne hukuma ke bi.

Sabbin laƙubba

Zamani ya kawo nasa. Yawan zuwa Makka, da makarantun Islamiyya, da wa'azin ƙungiyar Izala wadda aka kafa a Jos a 1978 ta kuma yi ƙarfi a Maraɗi, da fina-finan Kano, da wayar hannu, duk sun sauya abin da matasan iyaye ke so. Inda kaka za ta ce Magaji, ƴar zamani tana cewa Halifa. Inda za a ce Yarima ko Sarki, ana cewa Amir ko Sultan. Aikin da laƙabin ke yi bai sauya ba, har yanzu suruka ce ke neman hanyar kiran ɗanta ba tare da ta faɗi sunan surukinta ba. Abin da ake asara shi ne labarin da tsohon laƙabi ke ɗauke da shi. Shibkau yana faɗin lokacin da aka haife shi, Tanko yana faɗin yayyensa mata, Amir kuwa ba ya faɗin komai game da gidan da ya fito. Wani lokaci ma akan ɗauko kalma daga fim ko waya don daɗinta kawai, ba a tambayi ma'anarta ba.

Kira ga iyaye da shugabanni

Ba wanda ke cewa a bar laƙabi. Kunyar da ta haife shi tarbiyya ce, kuma yaron da ba shi da sunan wasa a bakin kakarsa ya rasa wani abu. Abin da ake nema shi ne a yi shi da lura. A tambayi ma'anar laƙabi kafin ya manne. A guji wanda zai sa yaro ya sunkuyar da kai in ya girma. In sunan yanka yana da laƙabinsa na gado, kamar Garba ga Abubakar ko Sanda ga Umaru, shi ya fi sauƙi, domin duk Bahaushe zai gane mutum guda ne.

Sa'an nan a raba aikin gida da na hukuma. Maigida da kansa ya je ya rubuta haihuwa cikin kwana 60, ya ba da sunan yanka, ya ba da nasa sunan kamar yadda yake a katinsa, ya sa a karanta masa abin da aka rubuta kafin ya bar wurin. In uwa ce za ta kai yaro likita, a rubuta mata sunan a ƴar takarda ta miƙa, ba sai ta faɗa da bakinta ba. Ranar shiga lakwal a tafi da takardar haihuwa, kada a aiki yaro ya kai ƙanensa hannu sake. Liman da ya raɗa suna yana iya tuna wa uba wa'adin tun a wurin addu'a, maigari kuma ya riƙa tambaya.

Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suna da babban rabo cikin wannan aiki. A ƙauyuka da yawa su ne ake kawo wa takarda a ce a duba. Duk wanda ya iya karatu ya ɗauko takardun ƴaƴan gidansu da na maƙwabta, ya jera katin rigakafi da takardar haihuwa da ta makaranta, ya ga ko suna ɗaya ne a cikinsu. In ya sami saɓani, a je a gyara tun yaro yana aji na farko, lokacin da shaidu ke raye kuma gyaran bai da tsada.